Injin ban ruwa ya lalace, mai shago ya ƙi karɓa

Malam, ka ce ka sayi injin ban ruwa a kasuwar Birnin Kebbi don noman rani a fadamar Argungu, sati uku ya daina jan ruwa, mai shago kuma ya nuna maka rubutun rasit cewa ba a maido kaya.

Wannan rubutun bai soke haƙƙinka ba. Dokar kare masu saye ta 2018 ta ba ka wata 3 daga ranar karɓar kaya ka mayar idan suna da aibi, a gyara, a canza, ko a biya ka kuɗinka.

Don Allah kada ka bari makaniki ya kwance shi tukuna. Da an taɓa kusoshin, mai shago ya samu mafaka. Duba baƙin mai: in ka tada shi babu mai, ko ka bar shi yana aiki ba ruwa har robar famfon ta ƙone, laifin ya dawo kanka. Ɗauki bidiyonsa yana aiki, da lambar jikinsa, da rasit.

Fara da shugaban 'yan kasuwar layin, sau da yawa nan ake gamawa. In ya ci tura, shigar da koke a hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta shafinta na intanet.