Me ya sa ban sayar wa matar nan man makero ba

Ka tambaye ni dalilin da na hana ka miƙa wa matar nan da ta zo kemis ɗinmu man shafawa don makeron kan yaronta, alhali jiya da hannuna na ba wani saurayi irinsa don kyasbi. Har ka ce da makero da kyasbi ai duk naman gwari ne. Haka ne, ɗana, amma abincinsu daban, wurin zamansu ma daban.

Naman gwari ba shi da baki. Idan zai ci abu, sai ya fitar da wani sinadari waje, wanda masana ke kira inzayim, sinadarin ya narkar da abincin a inda yake, sannan ya tsotse. Ka ga yadda ake naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda ya yi laushi? To irin wannan aikin ne.

Mai kawo kyasbi, Malassezia, maiƙon fata yake ci, don ba ya iya haɗa nasa kitsen. Inzayim ɗinsa na fasa maiƙo ne, shi ya sa yake zama a ƙirji da baya da wuya, can saman fata. Man shafawa na iske shi a fili.

Makeron kai kuwa gashi yake ci. Gashi da farce da ɓawon fata duk keratin ne, abu mai taurin gaske, domin igiyoyinsa a ɗaure suke da juna da ƙullin farar wuta. Je ka tambayi majema irin wahalar da suke sha da toka kafin gashi ya saki fata. Amma ƙwayar cutar makero ta san kan abin. Tana fara zubo sinadarin salfayit ya kwance ƙullin, sai inzayim masu yanka keratin, fiye da iri goma, su bi baya su daddatsa shi ƙanana yadda za ta iya sha. Tana bin ramin gashi ta gangara ƙasa. Irin da muka fi gani a Afirka ta Yamma biyu ne: Microsporum audouinii, mai lulluɓe silin gashi ta waje, da Trichophyton soudanense, mai cika cikinsa da ƙwayaye har ya karye daidai fata. Da ka duba kan yaron nan da kyau, da ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a cikin farin da'irar. Kututturen gashin da aka cinye ke nan. Yanzu faɗa mini, ta ina man da ka shafa a sama zai kai can?

Sai dai maganin sha. Griseofulvin, wanda aka fara ba mutane a 1958, yana bin jini ya shiga sabon gashin da ke tsirowa, ƙwayar ta kasa yaɗuwa a cikinsa, ruɓaɓɓen kuma a aske. Gashi kuwa kusan santimita 1 yake yi a wata, don haka ake shan sa sati 6 zuwa 8, tare da abinci mai maiƙo kamar madara ko gyaɗa don ya shiga jiki sosai. Kafin zuwansa, a Turai da hasken hoton ƙashi ake zubar wa yara gashi gaba ɗaya. Da nauyin yaro ake auna griseofulvin, ba a kuma ba mai ciki, shi ya sa na tura matar asibiti. Wannan aikin likita ne, ba na mai kemis ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mayukan nan masu haɗi uku da ke da sitiroyid, maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, a ciki. Ƙaiƙayi ya kwanta cikin kwana biyu, uwa ta yi ta sa maka albarka, alhali garkuwar fatar ka kwantar, ƙwayar na ci gaba da cinta hankali kwance. Ni ma na taɓa yin wannan kuskuren ina yaron shago. Yaron da na ba man ya dawo kansa ya kumbura yana fitar da ruwa kamar maruru, har kakarsa na neman wanzami ya tsaga. Ba a tsaga irin wannan, jiki ne ke faɗa da ƙwayar. Ya warke, amma wurin ya zama sanƙo.

Idan matar nan ta dawo da takardar likita, ka haɗa mata da sabulun wanke kai mai ketoconazole, yana rage yaɗuwa. Ka ce ta duba kan ƙannensa, ta raba musu mataji da hula da matashi, ta kuma tabbata an wanke aska ko kilifa kafin a ɗora masa, don ƙwayayen na yin watanni a jikin kaya ba su mutu ba. Manya ba su cika kamuwa ba, maiƙon kai bayan balaga yana hana ta sakewa, amma wani na ɗauke da ita ba alama. Tashi ka ga mai sallama a ƙofa.