Amsa: Shin ƙwaƙwalwa na iya ɗaga dutse?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai kimiyyar gaske a bayan jaruman wasannin kwamfuta masu ɗaga dutse da tunani ko karanta zuciyar abokin gaba. Babu. Gaskiya ne ƙwaƙwalwa na aiki da lantarki, amma duk abin da take ci wajen wat 20 ne, kamar ƙaramin ƙwan fitila. Siginar da ke ratso ƙoƙon kai kuwa ba ta da ƙarfin motsa ko tsinke, sai an manna wayoyi a fatar kai kafin na'ura ta ji ta. Abin dariya, Hans Berger, likitan Jamus da ya fara auna ta a jikin mutum a 1924, neman hujjar magana zuci da zuci ne ya kai shi. Gwamnatin Amurka ma ta shafe shekaru tana gwada masu iƙirarin "gani daga nesa" da tunani kaɗai, ta rufe shirin, mai suna Stargate, a 1995 don bai tsinana komai ba.

Sai fa in an sa na'ura a tsakani. A 2024 kamfanin Neuralink na Amurka ya dasa wa wani mai shanyewar jiki 'yar na'ura a ƙwaƙwalwa, ya riƙa buga wasa a kwamfuta da tunani kaɗai. Ni da nake tsara wa abokaina labarin wasa, nan na fake: jarumina na da dashe a ka, batirinsa na ƙarewa, kansa na ciwo in ya matsa. Tun daga ranar babu wanda ya sake ce mini ƙaryar ta yi yawa.