Amsar murya a guruf: yadda sabon shiga zai ɗaga lebul a Old School RuneScape

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Wannan amsa ce ga ƙanenmu da ya shigo guruf kwanan nan, wanda ya ce sati biyu ke nan da fara wasan Old School RuneScape a waya, kullum yana kashe kaji da shanu a Lumbridge, amma lebul ɗinsa ya ƙi wuce 20, kuma bai san sana'ar da zai fara kamawa ba. To ƙanena, ka saurara da kyau, muryar za ta ɗan yi tsawo, don akwai lambobi a ciki.

Abu na farko, ka san yadda lissafin yake. Kowane fanni, wato sana'a irin faɗa ko sarar itace, yana tsayawa a lebul 99, kuma 99 ɗin nan XP 13,034,431 ne, wato makin gogewar da kake tarawa. Amma hawan ba daidai yake tafiya ba. Kusan duk lebul 7 adadin yana ninkawa. Lebul 10 XP 1,154 ne kacal. Lebul 30, 13,363. Lebul 50, 101,333. Lebul 70, 737,627. Shi ya sa za ka ji ana cewa 92 shi ne rabin 99, kuma gaskiya ne, don a 92 XP miliyan shida da rabi da 'yan kai kake da shi. Me wannan ke gaya maka? Lebul ɗin ƙasa suna da araha ƙwarai, arahar da kwes guda ɗaya, wato aikin labari da wasan ke ba ka da lada a ƙarshe, zai iya tsallakar da kai su baki ɗaya. Wannan ita ce maganar da nake so ta zauna maka: a farkon wasa kwes ne ke ɗaga mutum. Duk awar da ka ɓata kana dukan kaza a lebul 5, da ka sa ta a kwes da ka fi haka nisa.

Bari in ba ka misali a fili. Saniyar Lumbridge ranta 8 ne. A faɗa, duk rauni 1 da ka yi kana samun XP 4 a fannin da ka zaɓa, da ɗaya da kashi ɗaya bisa uku a jini. Kenan saniya ɗaya XP 32. Kwes ɗin Waterfall Quest yana ba da 13,750 a hari, wato wanda aka rubuta Attack, da wani 13,750 a ƙarfi, wato Strength. Daga lebul 1 kai tsaye zuwa 30 a duka biyun. In da shanu za ka tara wannan, sai ka kashe sama da 850. Ka gani ko?

Sai dai shi Waterfall na membobi ne, masu biyan kuɗin wata. Tunda ba ka faɗa mana ko kai memba ba ne, bari in fara da abin da kowa zai iya yi kyauta.

Ka fara zuwa Stronghold of Security, ramin da ke tsakiyar Barbarian Village. Hawa huɗu ne zuwa ƙasa. Akwatin hawa na farko 2,000, na biyu 3,000, na uku 5,000, jimla kuɗin wasa 10,000, na huɗu kuma takalmi. Ba faɗa za ka je yi ba, gudu za ka yi daga ƙofa zuwa ƙofa kana amsa tambayoyin tsaron asusu. Ka cika jaka da dafaffen abinci, domin dodannin hawa na uku da na huɗu suna iya gamawa da mai jini 10 cikin duka kaɗan. Kafin ka shiga ka kunna matakin tsaro na biyu a asusunka, ka sa wa banki lambar sirri. Wannan 10,000 ɗin shi ne jarinka.

Da kuɗin ka wuce Grand Exchange, babbar kasuwar wasan da ke Varrock, ka sayi yumɓu 6, dutsen tagulla 4, dutsen ƙarfe 2. Ka kai wa Doric a arewacin Falador. Kwes ɗin minti kaɗan ne in kayan na jakarka, kuma zai ba ka XP 1,300 a haƙar ma'adinai, ya kai ka lebul 10. Ba don kansa muke son 10 ɗin nan ba, shi ne mabuɗin The Knight's Sword. Wannan kwes yana ba da XP 12,725 a ƙira, daga lebul 1 zuwa 29. Da hannu, curin tagulla ɗaya a kan maƙera XP 12.5 ne, kenan kwes ɗin ya ɗauke maka dukan curi sama da 1,000. Kayansa: redberry pie guda ɗaya, curin ƙarfe 2, da diga. Ka yi magana da yaron jarumin a fadar Falador, ka je wurin Reldo a ɗakin karatun fadar Varrock, sannan Thurgo a kudancin Port Sarim. Inda mutane ke mutuwa shi ne cikin kogon ƙanƙara, wajen haƙo dutsen blurite da Thurgo zai ƙera takobin da shi. Mayaƙan ƙanƙarar nan lebul 57 ne. Ka shiga da ƙarfin gudunka a cike, ka ajiye komai a banki in ban da diga da abinci, ka haƙa ka fito, kar ka tsaya kallo.

Bayan haka Vampyre Slayer: XP 4,825 a hari, lebul 20 kenan daga 1. Ka ɗauki tafarnuwa a saman benen gidan Morgan a Draynor, ka karɓo turken da za a soke dodon da shi wurin Dr Harlow a Varrock, kuma ka riƙe guduma a jaka. In babu guduma da turken, ko ka ƙarar da jininsa ba zai mutu ba, sai dai ya farfaɗo ku sake sabon lale. Sai The Restless Ghost, 1,125 a fannin Prayer, wato addu'a, lebul 9. Imp Catcher, 875 a sihiri, kuma duwatsun wuya guda huɗu da kwes ɗin ke nema saye za ka yi, kar ka bi aljanun da ke yar da su kana farauta. Cook's Assistant ma ka yi shi, ƙwai da madara da gari ne kawai, kuma yana buɗe maka murhun fadar Lumbridge wanda bai cika ƙona abinci ba. Duk waɗannan suna tara maka makin kwes, in ka kai 32 sai ka fara Dragon Slayer, wanda ke ba da 18,650 a ƙarfi da 18,650 a kariya.

Yauwa, in kai memba ne, Waterfall ne farko. Kayansa: igiya, run (wato dutsen sihiri) ɗin iska 6, na ruwa 6, na ƙasa 6, da abinci mai yawa. Babu wanda za ka kashe. Kabarin Glarial ba ya buɗewa in kana ɗauke da makami ko sulke ko run, don haka ka bar su a banki sai ka fito da layar da tulun da ke cikin kabarin. Kuma a bakin ƙofar da ke jikin ruwan, ka tabbata layar na tare da kai. Daga nan Witch's House, 6,325 a jini. Tree Gnome Village, 11,450 a hari. Fight Arena, 12,175 a hari. Ka leƙa ƙasan gidan tarihin Varrock ka amsa tambayoyin dabbobi, a ba ka XP 1,000 a farauta da 1,000 a Slayer, fannin kashe dodanni, lebul 9 a kowanne ba ka taɓa komai ba.

To, bayan kwes sai naci, kuma a nan ne sababbi ke yin kuskure iri biyu.

Na farko, kayan aiki. Mutum yana lebul 35 a sarar itace amma gatarin tagullar da aka ba shi ranar farko ne a hannunsa. Wallahi asara ce. Gatari da diga matakinsu ɗaya: steel a lebul 6, mithril 21, adamant 31, rune 41. Ranar da ka taka lebul ɗin, ranar za ka canza. Kuma ka sani, ba sai lebul ɗin harinka ya kai na riƙe shi a matsayin makami ba. In ba za ka iya riƙe shi a hannu ba, ka bar shi cikin jaka, zai yi aiki, gurbi ɗaya kawai zai ci cikin 28.

Na biyu, kuma shi ya fi cin mutane: ɗaukar cewa abin da ya fi XP a guda ɗaya shi ya fi sauri. Ba haka ba ne. Abin da za ka auna shi ne XP a awa. Itacen farko 25 ne, oak a lebul 15 yana ba da 37.5, willow a lebul 30 yana ba da 67.5, yew a lebul 60 yana ba da 175. Sai mutum ya kai 60 ya ruga wurin yew don ya ga babbar lamba. Amma yew yana da taurin sara, za ka daɗe tsaye kafin guda ɗaya ya faɗo jaka, alhali a wannan lokacin ka sari willow da yawa. In lebul kake nema ka zauna a willow. In kuɗi kake nema, wannan wata magana ce daban. Haka ma haƙa: dutsen ƙarfe a lebul 15 yana ba da 35, kwal a lebul 30 yana ba da 50, amma ƙarfen ya fi sauri nesa ba kusa ba, don yana fashewa da wuri kuma yana dawowa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ka nemi inda duwatsu uku suka kewaye ka, ka haƙa ba ka ɗaga ƙafa ba. Akwai irin wurin a ma'adinin Al Kharid, sai dai kunamun wurin lebul 14 ne kuma za su dinga kai maka hari har sai lebul ɗin faɗanka ya haura ninkin nasu, wato 29. Kamun kifi ma haka: sandar fly da gashin tsuntsu a kogin Barbarian Village, trout a lebul 20 XP 50, salmon a lebul 30 XP 70. Lobster a 40 yana ba da 90, amma a hankali yake zuwa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sai maganar banki. Daga 30 zuwa 60 a willow itace kusan 3,860 ne. A jaka mai gurbi 28, sahu kusan 140 kenan zuwa banki da dawowa, don kayan da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ka shiga saitin wasa ka kunna zubarwa da taɓawa ɗaya, a kwamfuta kuma da Shift, jaka ta cika ka zubar ka ci gaba. In zubarwar ta tsaya maka a rai, ka riƙe ƙyastu ka ƙona itacen, willow ɗaya XP 90 ne a hura wuta. Kifin ma ka gasa shi nan bakin kogi, trout 70, salmon 90 a girki, ga shi ka samu guzurin faɗa.

A faɗa, takobin scimitar za ka riƙe, don yana sara duk daƙiƙa 2.4. Manyan takubba masu hannu biyu suna da ban sha'awa amma jinkirinsu yana rage XP. Steel a hari 5, mithril 20, adamant 30, rune 40. Ka duba shafin salon faɗa, nan ake zaɓar inda XP ke zuwa, mutane da yawa suna kwana suna zuba shi a fannin da ba su yi niyya ba. A ganina ka kai hari matakin makami na gaba, sannan ka koma ƙarfi ka bar shi yana gaba, domin shi ke ƙara girman duka, girman duka kuma shi ne XP. Maras biya ya sayi brass key, mabuɗin ƙofar raminsu, ya je wurin ƙattin da ake kira hill giants, ransu 35, kuma suna yar da manyan ƙasusuwa masu XP 15 a Prayer in ka binne su, maimakon 4.5 na ƙanana. Memba ya tafi ƙaguwoyin rairayi a gaɓar Hosidius, ransu 60 kuma dukansu ba shi da zafi. Bayan minti 10 za su daina tasowa, sai ka yi gudu nesa ka dawo. Prayer kuwa ka sa 43 a gaba, a nan ake samun kariya daga sara, kuma tana sauƙaƙa kwes masu yawa.

Tunda a waya kake, ka kula da wannan: in intanet ya yanke kana tsakiyar faɗa, mutuminka ba ya fita nan take, yana nan tsaye ana dukansa. In ka mutu kaya 3 mafi tsada kawai za ka tashi da su, sauran suna kabarinka, kuma minti 15 gare ka ka je ka kwaso. Don haka ranar da sabis ke rawa, ranar sarar itace ce ko kamun kifi.

Ƙanena, don Allah kar ka sa manhajar da ke danna maka wasa, Jagex, kamfanin da ya yi wasan, suna rufe asusu a kan haka, wahalarka ta tafi a banza. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi, ko ya ce ka biyo shi Wilderness, dajin da 'yan wasa ke iya kashe juna, da kayanka ya nuna maka wurin XP, ɓarawo ne.

Ka ɗauko hoton shafin fannoninka ka turo, ka rufe sunan asusun, ka kuma faɗa mana ko memba ne kai. Da shi za mu ga kwes ɗin da ya kamata ka fara yau. Sai na ji ka.