Kafin ka sayar da filin nan ka taho Japan koyon yare

Ƙanina, na ga saƙonka tun jiya, aikin dare na yi shi ya sa sai yanzu. Kai ne na huɗu a watan nan da ya tambaye ni zuwa Japan koyon yare, kuma duk tambayarku iri ɗaya ce, nawa ake kashewa, nawa ake samu. Har da cewa wai ka ji an ba 'yan Najeriya gari guda. To bari in fara da wannan. Maganar garin Kisarazu ce, ta taso a Agustan 2025 lokacin TICAD, taron Japan da ƙasashen Afirka, a Yokohama, aka yi ta yaɗa cewa za a ba mu biza ta musamman, gwamnatin Japan ta fito ta ce sam babu wannan zancen, kuma a Satumba JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashen waje, ta soke shirin ƙawancen garuruwan dungurungum bayan mutanen ƙasar sun yi ca a kai. Duk ejan ɗin da ya ce ka kawo kuɗi da sunan Kisarazu, damfararka zai yi.

Lissafin kuɗin ba wuya. Bizar ɗalibi awa 28 ta yarda ka yi aiki a sati, a dogon hutu awa 8 a rana, shi ma sai an buga maka hatimin izini a bayan katin zamanka, in ka zarce kuwa ranar sabunta biza ido zai raina fata. Mafi ƙarancin ladan awa a Tokyo a ƙarshen 2025 ya ɗan haura yen 1,200, ka ninka da kanka, ka cire haya da kuɗin makaranta da inshorar lafiya da abinci, ka ga ko ragowar za ta gina wa Hajiya ɗaki. Kuma makarantar yare shekara 2 ce iyakarta. In sakamakonka na da kyau ka ajiye maganar filin, ka nemi tallafin karatu na gwamnatin Japan, wato MEXT, ta ofishin jakadancin Japan a Abuja.

Amma abin da ya fi ci min rai, wanda babu mai tambayata a cikinku, shi ne kaɗaici. Wallahi ban san kaɗaici ba sai a ƙasar nan. A watannina na farko zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku a ɗaki, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, babu sannu, babu ya jiki, ina jin maƙwabcina yana wanke kwanuka ta bayan bango. In a gida ne da tuni an cika ɗakin da kunu da faten tsaki har ka rasa inda za ka miƙe ƙafa. Na so kiran gida kuma sun bambanta da mu da awa 8, lokacin da na fi buƙatar murya duk kuna barci. Shi maƙwabcin nan ranar babbar sallah na kai masa shinkafa da nama kamar yadda muka saba, mutumin ya rikice yana ta sunkuyawa, washegari sai ga shi da tsaraba a naɗe cikin takarda mai kyau. Na yi murna na ce an fara zumunci, ashe biyan bashi ya zo yi, su a wurinsu kyauta nauyi ce sai an rama ake samun sukuni. Ba mugunta ba ce, tarbiyyarsu ce kar ka dami kowa, kar kowa ya dame ka. Amma sanin hakan bai hana abin ya yi min ciwo ba.

Akwai kuma wanda ba tarbiyya ba ne, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ina zaune gaban dillalin gidaje yana kiran masu gida ɗaya bayan ɗaya, da ya ce gaikokujin, wato baƙo, sai in ga ya ajiye waya yana ba ni haƙuri. Jirgin ƙasa ya cika maƙil amma kujerar da ke gefenka babu kowa. Ɗan sanda ya tsayar da kai a kan keke ya nemi katin zama, kuma doka ce ka riƙa yawo da shi kullum.

Yaren kansa, haruffan hiragana da na katakana 46-46 ne, sati biyu sun ishe ka. Kanji, wato alamomin rubutu da suka aro daga Sin, su ne dutsen, 2,136 ne na amfanin yau da kullum, kuma 'yan Sin da za ka tarar a aji sun taso da su tun suna yara, kai kuwa daga sifiri za ka fara, kar ka gwada kanka da su ka karaya. Kanji biyu za ka fara haddacewa saboda cefane, na buta da na sake. Buta a nan ba ta alwala ba ce, alade ne, sake kuma giya, ga mirin da suke zubawa a girki shi ma da giya a ciki. Ka iya karanta bayan leda kafin ka iya gaisuwa ma.

Sai dai yaren aji daban, na mutane daban. In Bajapane ya ce chotto ya ja numfashi, a'a yake nufi. In ya ce wata rana ma ci abinci tare, sallama ce kawai, ni kuwa na yi sati biyu ina duba waya. Daga baya na lura ashe mu ma mun san wannan, kara ce da alkunya, irin yadda ba ka iya ce wa babba a'a kai tsaye. Shi ma keigo, yaren girmamawa da turawan ajinmu ke kuka da shi, ni bai yi min baƙunta ba, wanda ya tashi yana durƙusawa yana ranka ya daɗe ya riga ya san ba a yi wa kowa magana iri ɗaya.

Abokai fa? Yawancin hirarsu a nomikai ake yi, wato zaman shan giya bayan aiki ko karatu, kuma nan ne bakinsu ke buɗewa. Ni na faɗa musu tun farko ba na sha, galibi sun girmama hakan, amma ka sani za a yi ta ƙulla abota a inda ba ka nan, sai ka nemi wata ƙofar. Tawa ƙofar ajin sa-kai ne na unguwa, inda dattawa masu ritaya ke koyar da baƙi kusan kyauta. Wata tsohuwa a can ita ce ta fara gyara min magana ba tare da yabon ƙarya ba, ita ce kuma ta fara gayyatata gidanta, bayan shekara guda cur, ta dafa kifi ta nuna min kwalbar kowane abu da ta zuba. Ranar na yi hawaye a hanyar komawa. Sai ƙwallon ranar Lahadi a bakin kogi, sai Juma'a a masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara, sai shagunan halal na Shin-Okubo.

Tarkon da na ga ya ci mutane shi ne lafewa cikin 'yan uwa baƙi masu Turanci, akwai daɗi, amma shekara 2 za ta wuce ba ka iya kiran asibiti da kanka ba. Jarrabawar JLPT, ta gwada iya yaren, sau biyu ake yi a nan, Yuli da Disamba, kuma kamfanoni da yawa matakin N2, na biyu daga sama, suke fara tambaya. Ni sai a karo na biyu na ci, da aikin dare da sanyi da komai, kuma babu takardar da nake ji da ita kamarta.

In har yanzu kana nan kan bakanka, ka haddace hiragana da katakana, ka rubuta min sunanka da na garinku da hannu ka turo hoton, sannan mu yi maganar takardu. Filin nan kuwa kar a taɓa shi sai ka zauna da Baba. Kuma in Allah ya yi tahowar, kar Hajiya ta sako maka kilishi ko dambun nama, haramun ne shigo da nama a dokarsu, karnuka ke shinshina jaka a filin jirgi kuma tarar na da nauyi. Ka gaida su duka.