Tun da aka sa mini Windows 10 faifan DVD ya daina yi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa. Ina da tsohuwar kwamfutar cinya mai Windows 7, da ita muke kallon faifan wa'azi da fina-finan Hausa da na bikin ƙanwata. Na kai ta wajen mai gyara ya sa mini Windows 10, tun daga ranar in na saka faifai sai ya yi ta juyawa, ba hoto ba murya. Mai gyaran ya ce wurin saka faifan ne ya mutu, in kawo kuɗi a sa sabo. Mene ne gaskiyar abin?

Amsa: Wa alaikumussalam, Malam. Kada ka fitar da ko kwabo tukuna. Zai yi wuya a ce na'urar da ke aiki lafiya ta tashi mutuwa daidai ranar da aka sauya mata manhaja. Abin da ya fi kama hankali shi ne wani abu da ke cikin Windows 7 ne babu shi a Windows 10, kuma da gangan kamfanin Microsoft ya cire shi.

Fim ɗin da ke kan faifan DVD a dunƙule yake cikin wani tsari da ake kira MPEG-2, sautinsa kuma galibi cikin tsarin Dolby. Kafin kwamfuta ta nuna maka shi sai da wata 'yar manhaja mai warware wannan dunƙulen, kamar dai tafinta tsakanin baƙo da mai gida. A wancan lokacin wannan fasaha tana da masu ita, kuma Microsoft ya riƙa biyan kuɗin lasisi a kan kowane Windows da ya fita da ita. Yawancin nau'o'in Windows 7, wato Home Premium da Professional da Ultimate, da tafintansu suka zo, shi ya sa ba ka taɓa sanin da zamansa ba. Da Windows 8 ya fito a 2012 sai kamfanin ya ce mutane sun koma kallo ta intanet, sababbin kwamfutoci da yawa ma ba su da wurin saka faifai, don haka ya daina biya. Windows 10 da ya zo a Yulin 2015 haka ya bi, har da Windows Media Center, manhajar kallon fina-finai da ke cikin Windows 7, ya tafi. Maimakonsa suka sa wata manhaja mai suna Windows DVD Player a shagonsu a kan dala 14.99. Waɗanda suka ɗaukaka Windows 7 ɗinsu kai tsaye an ba su ita kyauta a lokacin, amma masu gyaranmu yawanci goge komai suke yi su zuba sabo, ka ga wannan kyautar ba za ta same ka ba.

Ga yadda za ka gane da kanka. Saka faifan, ka ɗan jira, ka buɗe This PC. In ka ga alamar faifan ta bayyana, ka danna ta da maɓallin dama ka zaɓi Open. Idan akwai jaka mai suna VIDEO_TS, a cikinta kuma fayiloli masu ƙarewa da VOB, to magana ta ƙare: idon na'urarka na karatu sarai. Matacce ba ya nuna sunan fayil. Tsofaffin faifan VCD, irin waɗanda aka yi ta buga fina-finan Hausa a kansu, jakar da za ka gani sunanta MPEGAV.

Maganin kuwa kyauta ne. Ka sauke VLC, manhajar nan mai alamar mazurarin kan titi ruwan lemo. Ɗaliban wata jami'a a Faransa ne suka faro ta, yau kuma ƙungiyar VideoLAN ke kula da ita, ba sayar da ita ake yi ba. Da nata tafintan take zuwa, ba ruwanta da abin da Windows ya cire. Nauyinta kusan megabait 40 ne, ko ta wayarka za ka iya saukewa ranar da ka shiga Ringim inda sabis ya fi ƙarfi, ka tura ta kwamfuta da kebul. Amma daga shafin VideoLAN kansa za ka ɗauko. Na san sauƙin miƙa filashi ga masu tura fina-finai ranar kasuwa, sai dai filashin da ya shiga kwamfutar da ɗaruruwan mutane ke jona wa kaya ba kasafai yake dawowa ba tare da ya kwaso cutar kwamfuta ba.

Bayan ka sa ta, buɗe ta, shiga Media, ka zaɓi Open Disc, ka tabbata an zaɓi DVD, ko SVCD/VCD in tsohon faifai ne, sai Play. In ya tsaya a shafin farko ya ƙi gaba, wanda faifan biki da aka haɗa a ƙananan shaguna kan yi, ka koma ka sa alama a No disc menus, zai faɗa cikin fim ɗin kai tsaye. In hakan ma ya ƙi, buɗe jakar VIDEO_TS ka jawo fayilolin VOB mafiya girma cikin VLC ɗaya bayan ɗaya.

To idan alamar faifan ba ta fito ba sam fa? Nan ma ba a yanke hukunci da faifai ɗaya. Gwada biyu ko uku. Faifan da ya sha rana a kan taga, ko yara suka yi wasa da shi a tsakar gida, ko sabuwar na'ura ba za ta karanta shi ba. Goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada ka bi zagaye. Sannan ƙurar hunturu: jawo tiren ka duba, za ka ga wani ɗan gilashi da bai kai ƙwayar wake ba, shi ne idon. Ƙura kaɗan ta isa ta makantar da shi. Shafa shi a hankali da auduga busasshiya, ban da dannawa. Idan kuma na'urar ce gaba ɗaya ba ta cikin This PC, shiga Device Manager, wato wurin da Windows ke jera na'urorin da ke jikin kwamfuta, nemi DVD/CD-ROM drives, ka cire ta da Uninstall device, ka kashe kwamfutar ka kunna, Windows zai sake gano ta da kansa. Sai duk wannan ya gaza ne maganar mai gyara za ta tabbata, kuma ko a nan akwai na waje mai jonawa ta USB wanda ba ya buƙatar a kwance kwamfutar.

Faifan da alhazai ko 'yan uwa ke kawowa daga waje wani lokaci yana da kullen yanki, wato an tsara shi ya yi aiki a wani yanki na duniya kaɗai. Nijeriya na yanki na 5, Saudiyya da Turai na 2, Amurka na 1. In kwamfuta ta nemi ka sauya yanki kada ka yi ta dannawa, sau biyar kacal aka yarje, daga nan ta kulle a kan na ƙarshe. Faifan Blu-ray kuwa na'urar DVD ba ta karanta shi ko da wace manhaja.

Wani zai ba ka shawarar komawa Windows 7. Ban goyi baya ba, Microsoft ya daina aiko masa da gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, kuma VLC na aiki a Windows 10 da 11 duka. Faifan bikin nan dai, da zarar ya buɗe, kwafe jakar VIDEO_TS ɗin gaba ɗaya zuwa kwamfuta da wani filashi daban. Galibi ba ta wuce gigabait 4.7, kuma faifan da aka buga a shago ya fi na kamfani saurin lalacewa a zafi irin namu.