Ka bar fatsarka a gida, Lawal

Lawal, ajiye ragar kallin nan ka zauna bakin kwale-kwalen. Tun asuba kake bina da magana ɗaya: Alhajin da kake kai wa kifi gida zai tafi hutu Zanzibar da iyalinsa, yana so ya ɗauki hayar jirgi ya shiga teku kamun kifi, ya ce zai tafi da kai tunda kai masunci ne. Kana tambaya ko ka haɗa fatsarka da mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, da kuma abin da za ka gaya masa don kada ka ji kunya.

Fatsa dai ka bar ta a gida. Kuɗin hayar da Alhaji zai biya ya haɗa da jirgi da mai da matuƙi da yaransa da kayan kamu duka. Ko ka kai taka ba za ta yi ba. Ruwan teku, kowace lita ɗaya akwai gishiri wajen giram 35 a cikinta, ƙugiyar da muke saye a kasuwar Daura kwana biyu za ta yi ta koma ja da tsatsa. Shekarun da na yi a Legas ina aiki a irin waɗannan jiragen, ba mu taɓa kwanciya ba sai mun wanke kowane ƙarfe da ruwan famfo.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan. Mu nan dam ɗin Sabke da na Daberam jan kifi muka iya. Tarwaɗa ta haɗiyi tana, ka naɗe zare a hannu ka fizgo ta, magana ta ƙare. Can ba a jan kifi, gajiyar da shi ake yi. Dubi ɗan yatsan nan nawa. Ka sha ganin tabon, ka ɗauka wuƙa ce. Zare ne. Makona na farko ke nan a jirgi, kifi ya ɗauka, sanda ta lanƙwashe, zare yana ta fita da ƙara, na ga kamar zai ƙare, sai na kai hannu na cafke shi yadda na saba a gida. Kafin in ce wayyo ya yanke ni har ƙashi, ya kuma tsinke, kifin ya tafi. Baƙon da ya biya kuɗin jirgin bai ce mini komai ba, kallona kawai ya yi, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Jikin kowace sanda akwai ɗan injin naɗe zare, cikinsa da birki. Ana ɗaure birkin yadda idan jan kifi ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren, sai ya sakar masa ya tafi. Kifin yana gudu yana jan wannan nauyin har ƙarfinsa ya ragu. Sa'ad da ya tsaya ne aikinka zai fara: ka ɗaga sandar sannu a hankali, kana saukewa kana naɗewa, ka sake ɗagawa. Ya sake zabura, ka ƙyale shi. Kada ka taɓa birkin, yaran jirgi sun riga sun auna shi. Kada kuma ka bar zaren ya yi sako-sako, nan ne ƙugiya take fita. Da ƙugu da cinya ake wannan aiki, shi ya sa ake ɗaura wa mutum ɗamara mai gurbin da gindin sanda zai zauna, in kifin babba ne a zaunar da shi kan kujerar da aka kafe a bayan jirgi. Ana iya yin awa guda ana abu ɗaya.

Za ka ga jirgin ba ya tsayawa. Tafiya yake kamar kilomita 12 zuwa 15 a awa, yana jan zaruruwa da yawa a bayansa, kowanne da koton roba ko ɗan mataccen kifi da aka ɗinke yana tsalle bisa ruwa kamar mai rai. Matuƙi kuwa idonsa yana sama. Inda tsuntsaye suka taru suna faɗawa ruwa, ƙananan kifaye ne a wurin, manya suna ƙarƙashinsu suna koro su. Icce ko tarkace da ke yawo bisa ruwa, shi ma ba a wuce shi, wani kifi da ake kira dorado yana son inuwa. In ka ga dorado za ka tuna da ni, kore da ruwan zinariya, yana fitowa daga ruwa launin ya fara dusashewa kana kallo. Akwai tuna, akwai barakuda mai haƙora irin na tsage, wanda sai an sa waya a bakin zare. Sai manyan, masu dogon baki kamar mashi: mai tuta a baya, da malin. Wani malin da aka kama a Peru a 1953 kilo 707 ne, sai ka haɗa shanu biyu. Giwan ruwanmu ɗan maraƙi ne a gabansa.

Ga abin da za ka gaya wa Alhaji, tun kafin ya biya. Ya duba wata. Daga Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ke kaɗawa a wannan gaɓar, su suna ce mata kaskazi, lokacin masu dogon baki ke nan a mashigin da ke tsakanin tsibirin Pemba da gaɓar Afirka. Afrilu da Mayu ruwan sama ne da haukan teku. Wajen Agusta zuwa Oktoba lokacin tuna ne. Ya ɗauki rabin yini, awa huɗu ko biyar, kada ya ce sai yini guda tun ranar farko. Ya tambaya ko akwai rigar kariya ta kowa da kowa har yara, da rediyon kiran taimako, da rumfa. Ya kuma tambaya kifin da aka kama na wane ne, domin a wurare da yawa na jirgi ne, baƙo hoto kawai yake ɗauka da ɗan abin da za a gasa masa. Masu dogon bakin ma galibi sakinsu ake yi su koma. Na san Alhaji, in ya ga an saki kifin da ya fi shi tsawo bai sani ba tun farko, za a yi rigima. Yaran jirgi kuma ana ba su na goro in an dawo.

Lokacin fita ba naku ba ne. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kullum tana jinkirta da kusan minti 50, ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. In matuƙi ya ce ƙarfe shida, ku yi sallar asuba ku fito.

Sai maganar da masunta ba sa so a yi musu. Za ka iya yin amai. Shekarunka a kwale-kwale ba za su hana ba, ruwan dam ba ya ɗaga mutum ya sauke shi haka. Ni kwana uku na yi ina rungume da bokiti. Ka sha maganin jiri kamar awa guda kafin ku tashi, ka ci abu kaɗan marar maiƙo, kada ka shiga ɗakin ƙasa, kada ka duƙufa kan waya. Ka kafa idonka can inda sama ta haɗu da ruwa. Ka sa hula da riga mai dogon hannu, ranar can ta sama da ta ƙasa ce, ruwa yana mayar maka da ita a fuska.

Kada ka shiga kana cewa kai masunci ne. Ka tsaya kusa da yaron da ke ɗaura koto, ka kalli yadda yake ƙulla zare, ka roƙe shi ya maimaita har hannunka ya iya. Akwai wata ƙugiya da suke amfani da ita, bakinta ya lanƙwasa ciki kamar zobe, ba ta kama cikin kifi sai gefen bakinsa, ba a fizgarta, ita ke kama kanta. In ka samu ka sayo mini guda goma, ƙanana. Na daɗe ina son in gwada ta a mamari in ga yadda tarwaɗa za ta yi da ita.