Amsa ga mai tambaya kan Jami'ar Ming Chuan da mutanen Taiwan

Ɗan'uwa, ka ce an ba ka gurbi a Jami'ar Ming Chuan da ke Taiwan, kana tambaya ko tana da suna a wajen ɗaliban waje, kuma ko ya dace ka kira mutanen can 'yan Sin.

Na biyun ya fi muhimmanci. Kada ka fara gaisawa da abokin ɗaki da "kai ɗan Sin ne?" Binciken Jami'ar Chengchi ta Taiwan na shekarun nan ya nuna fiye da kashi 60 na mutanen can suna ɗaukar kansu 'yan Taiwan kawai. Mafi yawan mutanen Taiwan Hoklo ne, sai Hakka (dukkansu kakanninsu sun zo daga Sin tun da daɗewa), sai zuriyar waɗanda suka ƙetaro daga Sin tare da shugaba Chiang Kai-shek a 1949, sai ƙabilu 16 na asali da gwamnati ta amince da su, irin su Amis da Atayal. A kasuwar dare za ka ji tsohuwa mai sayar da shayi tana yaren Hokkien na Hoklo, jikarta na amsa mata da Mandarin, yaren hukuma. Ka bar kowa ya faɗa maka sunan da yake so.

Ming Chuan tun 1957 take, tana da darussa da Turanci, reshenta na birnin Taoyuan cike yake da baƙi. Amma ka yi hattara da dillalai. Ƙarancin haihuwa ya sa wasu jami'o'i masu zaman kansu farautar ɗalibai daga waje, har a 2022 aka fallasa yadda ɗaliban Uganda a Jami'ar Chung Chou suka ƙare a masana'antu. Ka nemi takardar shiga kai tsaye daga jami'ar, biza kuma ofishin Taipei (wakilcin Taiwan) na Legas ke bayarwa.